Villarreal Ba Ƙungiyar Sa'a Ba Ce

Waɗanda suke gidan kallo daren Lahadi sun ga abin da ya faru, don haka ba zan maimaita shi ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Abin da zan faɗa shi ne, duk mutumin da zai miƙe a gaban jama'a da rimot a hannu ya ce ba za a ɓata talabijin guda a kan "ƙungiyar ƙauye da ta taɓa tsintar kofi ɗaya da sa'a" ba, to wannan bai san ƙwallo ba, sunayen manyan birane kawai ya haddace. Talabijin uku ne a ɗakin, biyu daga ciki wasan Ingila iri ɗaya suke nunawa, mu huɗu muka biya kuɗinmu muka roƙi a sa mana wasan Villarreal ta Sifaniya a na ukun, amma aka mai da mu abin dariya. Hana mu kallon bai dame ni ba, domin na koma gida na bi sakamakon a waya. Kalmar nan ta "sa'a" ita ce ta hana ni barci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rigar da ke jikin mai maganar. Jar riga ce ta Manchester United. Allah Sarki. Da wani ne ya furta wannan magana da na yi masa uzuri, amma mai wannan riga ya fi kowa sanin inda yake a daren 26 ga Mayu, 2021, lokacin da United da Villarreal suka buga wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Gdansk na ƙasar Poland. Garin Vila-real da yake kira ƙauye mutanensa ba su wuce dubu 50 da 'yan kai ba, wato da za a kwashe su duka, tsofaffi da jarirai, a zuba su a Old Trafford, filin United, sai an sami kujeru sama da dubu 20 babu kowa a kansu. Ƙungiyar wannan garin ce ta sa shi ya kashe wayarsa kwana biyu. Yanzu da ciwon ya warke, ya samo wa abin suna, wai sa'a.

To bari mu duba sa'ar. Gerard Moreno ya ci wa Villarreal a minti na 29, Cavani ya farke wa United bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, aka yi ƙarin lokaci ba a sake ci ba, aka tafi bugun fenariti. 'Yan Villarreal 11 suka buga, dukansu suka ci, har da mai tsaron ragarsu Geronimo Rulli, wanda ya ci tasa sannan ya koma raga ya tare ta golan United David de Gea, aka tashi 11 da 10. Ina so a nuna mini sa'ar da take sa mutum 11 a jere, ciki har da 'yan baya da gola, su saka ƙwallo a raga bayan sun yi gudu na minti 120. Kafin wannan dare ma, a cikin wasanni 14 na gasar ta wannan kaka, ƙungiyar ta ci 12, ta yi canjaras a 2, ba wanda ya doke ta. Ta fitar da Salzburg, da Dynamo Kyiv, da Dinamo Zagreb, da Arsenal. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san za a ce ai bayan 'yan watanni United ta doke ta gida da waje a gasar Zakarun Turai. Haka ne, ta doke ta, kuma ina taya ku murna. Sai dai a wannan kakar United a zagayen 'yan 16 ta tsaya, ita kuwa ƙungiyar ƙauyen ta je Turin ta zuba wa Juventus 3 da nema, ta doke Bayern Munich 1 da nema a gida da ƙwallon Arnaut Danjuma, sannan ta je Jamus, ana saura minti biyu a tashi, ɗanmu Samuel Chukwueze ya shigo daga benci ya farke ƙwallon da ta kori Bayern daga gasar. A wannan gidan kallon muka yi ta tsalle har benci ya karye. A daren ban ji wanda ya ce ƙauye ba, kowa cewa yake "ɗan Najeriya ya kashe Bayern". Danjuman ma a Legas aka haife shi, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe daga ina sunansa ya fito ba. A wasan kusa da na ƙarshe Liverpool ta ci 2 a Anfield, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci a Sifaniya Villarreal ta farke duka biyun, sai da Liverpool ta yi da gaske kafin ta tsira. Idan har wannan ma sa'a ce, to sa'ar tana da adireshi, tana kuma zuwa gida ɗaya shekara bayan shekara.

Matsalar masu irin wannan magana ita ce sun fara kallon ƙwallo ne daga inda aka ɗaga kofi, ba su san hanyar da aka bi ba. An kafa Villarreal ranar 10 ga Maris, 1923, kuma ta yi shekara 75 tana yawo a ƙananan rukunoni ba ta taɓa leƙa La Liga, babbar gasar Sifaniya, ba. Gari ne na gonakin lemo da masana'antun tayil a lardin Castellon, mai tafiyar kusan awa ɗaya daga Valencia, inda babbar ƙungiyar yankin take. A 1997 Fernando Roig, mai kamfanin tayil na Pamesa, ya sayi ƙungiyar a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan na Yuro ba, kuɗin da wasu 'yan wasan yau suke karɓa a mako guda. Shekara ɗaya bayan haka ta hau La Liga, ta faɗo a 1999, ta sake hawa a 2000. Abin da mutumin nan ya fara sa kuɗinsa a ciki shi ne ya kamata a lura da shi. Filayen atisaye ya gina a inda da gonakin lemo ne, da wurin kwanan yara masu koyon ƙwallo, ya gyara filin wasan El Madrigal, wanda tun 2017 ake kira Estadio de la Ceramica, ya kuma riƙe mutum ɗaya, marigayi Jose Manuel Llaneza, a harkar gudanarwa shekaru masu yawa ba tare da canje-canje ba. Filin yana ɗaukar mutum kusan dubu 23, wato kusan rabin garin.

Daga nan sai a lissafa. Kofin Intertoto, wata ƙaramar gasar Turai, a 2003 da 2004. Matsayi na uku a La Liga a 2005 ƙarƙashin Manuel Pellegrini, shekarar da Diego Forlan, wanda United ta sallama a matsayin wanda bai iya cin ƙwallo ba, ya ci 25 ya zama wanda ya fi kowa ci a Sifaniya. Matsayi na biyu a 2008, da maki 77, maki 10 cur a gaban Barcelona ta Ronaldinho da Messi da Eto'o. Kaka ce guda mai wasanni 38, ba daren fenariti guda ba, ina kuma jiran a bayyana mini yadda ake yin sa'a sau 38.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin mabiyana sun san ni ɗan Arsenal ne. A 2006, lokacin da aka ba Villarreal fenariti ana dab da tashi a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, bayan Kolo Toure ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo a Highbury, na sunkuyar da kai ban iya kallo ba. Ihun jama'a ne ya gaya mini golanmu Jens Lehmann ya tare bugun Riquelme, tauraron Villarreal. Na yi murna kamar zan haukace. Amma da aka sake nuno Riquelme tsaye a wurin, hannu a ƙugu, ƙwallon tana ci gaba da yawo shi kuwa ya kasa motsi, da fuskokin tsofaffin garin a bayan raga, sai murnar ta ragu a raina. Tun daga wannan dare nake bin ƙungiyar nan. Kuma in dai ana maganar sa'a, to a wannan daren mu ne muka yi ta, domin sun fi mu wasa nesa ba kusa ba. Kafin 2021, sau huɗu Villarreal tana zuwa wasan kusa da na ƙarshe a Turai ana mai da ita gida: Valencia a 2004, Arsenal a 2006, Porto a 2011, Liverpool a 2016. Ƙungiyar da ta ƙwanƙwasa ƙofa sau huɗu aka ƙi buɗe mata, ta dawo a karo na biyar ta shiga, ita ce wani yake cewa tsintuwa ta yi.

Hujja ta biyu da aka jefo mini a ƙofar gidan kallo ita ce ai kuɗin attajiri ne. Wannan ma ba za ta ɓata mini lokaci ba. Malaga ta sami attajiri daga Qatar a 2010, ta sayi taurari, ta je wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai a 2013, bayan shekara goma kuma tana rukuni na uku. Valencia, maƙwabciyarsu mai birni da tarihi da kofuna, ta sami nata attajirin a 2014, ku tambayi magoya bayanta da suke zanga-zanga a ƙofar filinsu na Mestalla yadda suka ji da shi. Kuɗi kowa yana iya zuwa da su. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne tsari da haƙurin tsayawa a kansa. Lokacin da Riquelme, tauraron da ya fi kowa girma a tarihin ƙungiyar a wancan zamani, ya fara ganin ya fi ƙarfin doka, shugabanni suka goyi bayan kociya, aka ajiye shi, ya koma Boca Juniors a 2007. A kakar da ta biyo baya ne suka zo na biyu.

Inda ake gane ƙungiyar gaskiya shi ne ranar da ta faɗi. A 2011 Villarreal ta fara kaka a gasar Zakarun Turai, ta sha kashi a duka wasanni shida na rukuni, ta ƙare kakar a 2012 da faɗuwa daga La Liga a ranar ƙarshe, bayan Falcao na Atletico Madrid ya ci su ana dab da tashi, Rayo Vallecano kuma, wadda ita ma take neman tsira daga faɗuwa, ta ci tata a ƙarin minti a can Madrid. Ƙaramar ƙungiyarsu da ke rukuni na biyu dole ta sauka ƙasa don ta ba babbar wuri, ba da laifinta ba. Kociyan da suka ɗauka don ya dawo da su, Manolo Preciado, zuciyarsa ta buga ya rasu kafin a gabatar da shi ga manema labarai. Ina sa'ar take a nan? Roig ya sayar da wani kaso na hannun jarinsa a kamfanin manyan kantuna na Mercadona ya toshe ɓarakar kuɗi, aka sayar da manyan 'yan wasa, Marcos Senna da Bruno Soriano suka zauna, Ikechukwu Uche namu ya yi ta zuba ƙwallaye a rukuni na biyu, Marcelino ya karɓi horarwa a tsakiyar kaka. Shekara ɗaya tak suka yi a ƙasa, da suka dawo kuma na shida suka zo. Deportivo da ta taɓa cin La Liga a 2000, da tata faɗuwar ta zo, sai da ta gangara har rukuni na uku.

Sannan a dubi yaran da suka fito daga waɗancan filayen lemo. Santi Cazorla a can ya zama mutum. Rodri, wanda Atletico ta sallama yana yaro, Villarreal ce ta ɗauke shi ta raine shi, yana buga La Liga yana kwana a ɗakin ɗalibai na jami'a a Castellon, a 2024 kuma aka ba shi Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya. Pau Torres, wanda ya buga fenariti ta goma a Gdansk, haifaffen garin ne, a cikin waɗannan lunguna ya tashi. Chukwueze ya je can bayan ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, aka koya masa aiki, aka sayar wa AC Milan a 2023, shekarar da Chelsea ta sayi Nicolas Jackson daga wurinsu. Eric Bailly ma, da mai jar riga ya taɓa yi wa kirari, daga ƙauyen United ta sayo shi a 2016. Suna raino, su sayar da tsada, su sake raino, shekara kusan 30 ke nan ana haka a hannun gida ɗaya. Wanda ya kira wannan sa'a bai raina Villarreal kaɗai ba, ya raina duk wani mai aiki a hankali ba tare da hayaniya ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Jiya na shiga kasuwa neman rigarsu, don na yi niyyar ranar Lahadi mai zuwa da ita zan zauna a benci na gaba. Shago biyar na shiga. Wani ya miƙo mini ta Brazil, wani ya ɗauko ta Al-Nassr mai lamba 7 yana cewa, "Alhaji, ai duk rawaya ce, ba mai ganewa." Na yi dariya, domin labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne su ma haka suka sami launin: a 1947 aka je Valencia sayen fararen riguna ba a samu ba, rawaya kaɗai ta rage a shagon, aka kwaso ta. Ni dai ban karɓi ta Ronaldo ba. Duk wanda ya san inda ake sayar da ta Villarreal ta gaske, ko da ta tsohuwar kaka ce, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, babba nake sawa.