Ba sai basira ta sauko ake rubuta labari ba

A nan Damagaram na sha jin matasa marubuta ƙagaggun labarai suna cewa sai ranar da basira ta sauko za su ɗauki biro. Abin yana damuna. Gaskiya ne akwai ranakun da labari ke kwararowa kamar ruwan Agusta, amma ba su da yawa. Yawanci zaman rubutun ne ke kirawo basirar, don layin farko, ko ya munana, shi ke jawo na biyu. Ɗauki tela a kasuwar Dole da ke rubuta kalma 300 bayan sallar asuba kafin ya buɗe shago. Cikin kwana 180 ya tara kalma 54,000, littafi guda ke nan. Gyara kuwa sai ya kai ƙarshen labarin tukuna.