Tsoho mai 'ya'ya ma yana kwana da yunwa

A Kaduna kullum za ka ji ana cewa wanda ya haifa ba ya kwana da yunwa. Wallahi ba haka abin yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan da ke auno wa Baba masara a Bakin Dogo shi ma da ƙyar yake riƙe gidansa. Yawancin tsofaffinmu na Rigasa da Tudun Wada sana'ar hannu ko ƙaramin kasuwanci suka yi, ba su da fansho.

Ga kuma kunya da kara. Inna za ta ce maka ta ƙoshi, alhali kuɗin cefane ya tafi wajen maganin hawan jini, malmalar tuwonta kuma ta miƙa wa jikoki.