Sarƙar da ke riƙe leda ba kacar babur ba ce

Akwai wata ɗabi'a da ke ci min tuwo a ƙwarya wurin wasu masu masana'antar shirya kaya a leda. Mutum zai zuba miliyoyi ya shigo da injin Multivac daga Jamus, ya biya kwastan, ya girke janareta, amma ranar da injiniya ya ce masa sarƙar da ke jan leda ta ƙare, sai ka ji ya ce, "A duba kasuwa a samo mai sauƙi, ai kaca kaca ce." Alhaji, wallahi ba haka ba ne.

Ga wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan inji ba, ga yadda yake aiki. Leda mai kauri tana warwarowa daga naɗinta, injin ya ɗumama ta, ya lotsa ta ta zama 'yan ƙananan kwanuka, a zuba nama ko cuku ko sirinjin asibiti, a shimfiɗa wata ledar a sama, a zuƙe iska, a liƙe, wuƙa ta yanka. Duk tsawon wannan tafiya sarƙoƙi biyu ne ke ɗauke da ledar, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Gaɓoɓin sarƙar suna da 'yan bakuna masu sifirin. A farkon inji, daidai inda sarƙa ke zagaya faranti mai haƙora, ana danna bakin ya buɗe, gefen leda ya shiga, sifirin ya datse, ba zai saki ba sai can ƙarshen inji. Masu injin fiya wata, ba da ku nake ba, naku rola ce ke jan ledar.

Kacar babur ƙarfi kawai take kaiwa daga inji zuwa taya. In ta yi sako-sako, bakanike ya ja taya baya ya ɗaure, ka hau ka tafi. Ita kuwa sarƙar injin leda, awo take yi. Injin ja yake yi ya tsaya, ya ja ya tsaya, kuma duk tsayawa dole kwanon leda ya faɗo daidai ƙarƙashin abin liƙewa, sannan daidai ƙarƙashin wuƙa. In ya goce, wuƙa ta ci bakin liƙin, ko tambarin kamfani ya fito rabi a wannan ƙunshi rabi a wancan.

Tun da injiniya Hans Renold ya fito da sarƙa mai bushi a Ingila a 1880, inda sarƙa ke cinyewa bai sauya ba: tsakanin fil, wato ɗan sandan ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa, da bushi, wato ɗan bututun da fil ɗin yake juyawa a ciki. Kowace gaɓa ɗan kaɗan take ci, ido ba ya gani. Amma mu yi lissafi. Waɗannan sarƙoƙi galibi tazarar gaɓarsu milimita 12.7 ce ko 15.875. Ɗauki ta 12.7, gaɓa 400 sun ba ka kimanin mita 5. In kowace ta cinye milimita 0.05 kacal, sarƙar ta ƙara santimita 2 ke nan, wato bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A sarƙar da ke tuƙa inji kawai, ƙa'idar da aka saba ita ce a canza in ƙarin ya kai kashi 3 cikin 100. Wanda ya jira kashi 3 a injin leda, ya daɗe yana cika buhuna da ɓatattun kaya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne canza sarƙa ɗaya a bar ɗaya. Na ga an yi haka a wata masana'anta, wai ta dama ce kaɗai ta lalace, ta hagu da sauranta. Sabuwa gajera, tsohuwa doguwa, sai leda ta riƙa tafiya a karkace tana tattarewa. Tattarar nan tana shiga bakin liƙi, iska ta samu hanya, kayan da aka ce za su yi makonni su kumbura a shagon mai saye. Aka yi ta zargin mai kawo leda, aka yi ta ƙara zafin liƙewa, bawan Allah mai kula da inji ya sha faɗa a banza. Ba don ado ba ne kamfanoni irin su Iwis ta Jamus da Tsubaki ta Japan suke haɗa maka sarƙa biyu da aka auna tsawonsu tare. Araha dai ba ta ado.

Sai maganar sifirin. In ya yi laushi, lokacin da ake lotsa leda mai zafi tana janyewa ciki, sai ta suɓuce. In ya cika ƙarfi, ya huda siririyar leda. Shi ya sa ba sifirin ɗaya ne ke yi wa kowace leda ba. Ga kuma guntayen leda da ke maƙalewa cikin bakunan su hana su rufewa sosai, wanda buroshi da iska kawai ke maganinsa, amma wa ke da lokaci?

Kan irin ƙarfe kuwa, mutane suna jin "ba ya tsatsa" sai su ɗauka shi ne ƙarshe. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi jure wanki da sinadari, amma ya fi saurin cinyewa a gaɓa. Taurararren ƙarfe mai rufin nikel ya fi daɗewa bai ƙara tsawo ba, sai dai in rufin ya goge tsatsa ta shiga. Mai shirya nama da ke wanke inji kullum da mai shirya busassun kaya ba abu ɗaya ya kamata su saya ba.

A masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano muna da ƙarin matsala: ƙurar hunturu. A lafta wa sarƙa giris, ƙura ta zauna a kai, haɗin nan ya riƙa goge fil da bushi dare da rana. Mai ɗan ruwa-ruwa ake so, kaɗan, wanda zai ratsa cikin gaɓa, kuma na rukunin H1 da aka amince a yi amfani da shi kusa da abinci. Baƙin man janareta a sarƙar da ke taɓa ledar abinci, wannan ko NAFDAC ba ta gani ba bai dace ba.

Ku kuma dillalai, da ku nake yanzu. In mai saye ya zo, ku tambaye shi kaurin ledarsa, da sinadarin da yake wanke inji da shi, da tsawon jan da injin ke yi kowane zagaye, kafin ku faɗi farashi. Galibinku hoton tsohuwar sarƙa kawai kuke cewa a turo ta WhatsApp.