Ashe Fatehpur ma Tudun Wada ce

Tun da na zo karatu Jaipur a Indiya nake cika baki cewa sai na zagaye jihar Rajasthan kaf kafin na koma gida, to da aka ba mu hutu a watan Mayu sai na tara abokaina biyu, Ustaz ɗan Zariya da wani ɗan Maraɗi da muke ce wa Dogo, nace ku dai ku kawo kuɗi ku bar min tsarin tafiya. Ba wanda ya naɗa ni fa, ni na naɗa kaina madugu.

Kwana uku ina kan waya ina bincike har ido ya yi ja. Abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne Shekhawati, wani yanki a arewa da Jaipur inda attajiran Marwari suka gina manyan gidaje da suke kira haveli, yawanci daga shekarun 1800 zuwa farkon 1900, suka sa aka zane bangon tun daga ƙasa har sama, giwaye da raƙuma da allolinsu, can kuma sai ka ga jirgin ƙasa da mota da bature da hularsa, wai har tarho. Da kasuwa ta koma Kolkata da Mumbai sai masu gidajen suka bi kuɗi suka bar wa masu gadi makulli. Ina ba su labari Dogo yace ai unguwar Birni a Damagaram ma akwai gidaje masu zane, Ustaz yace balle Zariya, nace naku dagi ne da takobi, wannan jirgin ƙasa ne guda a jikin bango malam.

Tsarin da na rubuta a takarda, da rula da jan biro: mu fara da Fatehpur ta yankin Shekhawati mu kwana, mu leƙa Mandawa, mu wuce Bikaner mu ga ganuwar Junagarh, daga nan Jaisalmer wadda Rawal Jaisal ya kafa a 1156 kuma har yau mutane na zaune a cikin ganuwar da shagunansu da shanunsu, sai mu gangaro Jodhpur mu hau ganuwar Mehrangarh da Rao Jodha ya kafa a 1459, mu hango shuɗayen gidaje, mu dawo gida. Duk a kwana huɗu. Da ɗan yatsa na auna taswira na ga ai ba nisa.

Tun a nan aka fara yi min gyara. Na sa wurin bautar Karni Mata da ke Deshnok kusa da Bikaner, inda ɓeraye dubbai ke yawo ana ba su madara, Ustaz na jin cewa sai an cire takalmi ake shiga yace wallahi ko a kyauta, soke. Na sa hawan raƙumi a rairayin Sam, Dogo ya kalle ni yace shi da ya taso yana korar raƙuma daga gonar gero shi ne zai biya rupi ya hau raƙumi? Soke. Wani Ba'indiye ɗan ajinmu ya karɓi takardar ya duba ya yi dariya har da riƙe ciki, yace Bikaner zuwa Jaisalmer kaɗai ya haura kilomita 300, kuma masu hankali daga Oktoba zuwa Maris suke zuwa, a Mayu garin Churu da ke wannan yankin zafi kan taɓa digiri 50. Nace bawan Allah ni ɗan Sakkwato ne, rana yayata ce. Ni dama murna nake na samu ɗakin otal a Fatehpur da araha kamar garaɓasa, har na biya kuɗin kwana, ban tambayi kaina me ya sa ba kowa ba.

Ranar tafiya da asuba muka isa tashar Sindhi Camp. Ni da Indiyancina na fim, wanda duk bai wuce gaisuwa da kalaman soyayya ba, na tari wani kwandasta nace bhaiya, Fatehpur? Ya kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka san e ba ce ko a'a ko Allah ya kyauta, ya faɗi wata kalma a ƙarshe mai kama da sukari, nace haan haan, na yafito su Ustaz kamar wanda aka haifa a tashar.

Mun yi kamar awa ɗaya Ustaz ya taɓo ni yace madugu, rana fa a fuskarmu take, gabas muke yi, kai kuma ka ce arewa maso yamma. Shi mutum ne da ko ina aka sauka sai ya fara lissafin alƙibla. Nace zagaye direba yake yi saboda cunkoso, na juya na yi barcina na kwana uku da nake bi bashi, waya kuma dama ta mutu wajen bincike. Dogo ya tashe ni wajen Bharatpur yace ina hamadar ne, shi gonaki kawai yake gani da bauna a cikin kududdufi. Nace hamadar Indiya a hankali take farawa.

Bayan kusan awa huɗu aka sauke mu a bakin hanya. Muka hango wata ƙatuwar ƙofa ta jan dutse a kan tudu, matattakala kamar ba za ta ƙare ba, na gyara murya nace kun gani ko, wannan ita ce haveli ta farko. Muka hau muna haki, zufa har cikin takalmi, ni ina ta dube-dube a bango ina neman jirgin ƙasa. Babu jirgi, sai ayoyin Alƙur'ani da aka sassaƙa. Ustaz ya tsaya ya karanta ya juyo yace madugu, attajiran naka na Marwari sun musulunta ne?

Wani mai yi wa baƙi jagora ne ya zo ya ƙarasa ni. Yace wannan Buland Darwaza ce, nan Fatehpur Sikri, birnin da sarki Akbar ya fara ginawa a 1571, ga masallacin Juma'a ga kabarin Shehu Salim Chishti, Agra ma ba ta kai kilomita 40 daga nan ba. Ba ma a Rajasthan muke ba gaba ɗaya, mun shigo jihar Uttar Pradesh. Na nuna masa takardata ya duba yace oh, Fatehpur Shekhawati, ya nuna bayanmu da hannu, irin nunin da ake yi wa abin da ya wuce Jaipur ɗin ma da nisa. Wai akwai ma wata Fatehpur ta uku can gaba da Kanpur. Dogo ya zauna a matattakala yana dariya har da hawaye yace kai ka shiga tasha ka ce a kai ka Tudun Wada, ba ka ce ta Kano ko ta Kaduna ko ta Zariya ba.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Muka yi azahar a masallacin, dutsen tsakar gidan ya gasa min tafin ƙafa har sai da ɗan Sakkwato ya yi tsalle-tsalle a gaban yara, muka ci biryani da nama a bakin ƙofa, Ustaz ya karɓe jakar kuɗi daga hannuna ba tare da ya ce komai ba. Na jona waya a shagon mai shayi, tana kunnuwa sai ga kiran mai otal ɗin can Fatehpur ta gaskiya, yana tambaya cikin ladabi ƙarfe nawa za mu iso ya kunna mana fanka. Na kalli Dogo, shi kuma lokacin ya naɗe takardar tsarina yana fifita da ita, nace wa mutumin muna hanya.