Masu cewa "mu ɓalle mu rufe musu famfo", ku saurara

Wallahi tun daren jiya raina a ɓace yake. Kun dai ji abin da malamin nan ya faɗa a muhawarar da aka yi, wai duk yankin da Allah ya ba man fetur ko kogi, ranar da ya ɓalle ya zama ƙasa sai kawai ya rufe famfo, maƙwabta su zo suna durƙusa masa. Mutane kuma suka dinga tafi. Haba jama'a! Wannan magana ce mai haɗari, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne daga bakin mai ilimi ta fito.

Malam, da girmanka, ka manta da Sudan ta Kudu ne? Ranar 9 ga Yulin 2011 ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin tsohuwar Sudan. Amma bututun da ke kai man nan kasuwa bai bi ta ba. Yana nan shimfiɗe a arewa har Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A watan Janairun 2012 aka kasa daidaitawa kan kuɗin hayar bututu, gwamnatin Sudan ta Kudu da ke Juba ta yi daidai abin da kake ba da shawara, ta rufe rijiyoyinta, alhali kusan kashi 98 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati daga man nan yake. Sai a watan Afrilun 2013 mai ya dawo gudana. Wa ya durƙusa? A kudu aka shiga tsuke bakin aljihu. A arewa baitulmali ya bushe, aka cire tallafin mai a Satumban 2013, jama'a suka fito titi, aka rasa rayuka. Ko a 2024 da yaƙin Sudan ya lalata bututun, ma'aikatan gwamnati a Juba sun yi watanni ba albashi, kan yaƙin da ba nasu ba.

Na san wani zai taso ya ce ai Singafo ta rabu da Malesiya ta kuma yi arziki. To ai wannan hujjata ce. Da aka rabu a Agustan 1965, sai da aka sa batun ruwa a rubuce cikin takardar rabuwar kanta. Yarjejeniyar 1962 ta ba Singafo damar ɗibar galan miliyan 250 kullum daga Kogin Johor da ke Malesiya har zuwa 2061. Ana ta cacar baki kan farashin, amma ruwa bai tsaya ba. Duk da haka mutanen Singafo ba su kwanta ba, suka gina matatun ruwan teku, suna kuma sake tace ruwan da aka yi amfani da shi. Su sun zauna sun yi lissafi. Masu maganar 'yanci da martaba kuma, ban raina ba, amma a fara gaya min ta ina wayar lantarki ta bi, ta ina kogi ya gangaro.

Dubi Kirimiya. Bayan Rasha ta karɓe ta daga hannun Yukren a 2014, Yukren ta toshe magudanar da ke kawo mata kusan kashi 85 na ruwanta, noman shinkafa ya mutu. A Nuwamban 2015 aka tarwatsa turakun lantarki, mutane kusan miliyan biyu suka kwana a duhu. Ko wane ɓangare kake goyon baya, ka tuna da mai jinya a asibiti da janareto ya kusa shanye mai, da uwar da ke tsaye a layi da jarka. Ba su aka tambaya ba lokacin da ake yanke hukunci, su ne kuma famfon ke fara rufewa a kansu. Shi ya sa nake nanatawa, duk mai kiran a raba ƙasa da bai kawo takardar ruwa da wuta a hannu ba, kada a tafa masa.

Wani abu ma da ya tsaya min a rai tun jiya shi ne Cyril Radcliffe, lauyan nan Baturen Ingila da aka ba aikin shata iyakar Indiya da Pakistan a 1947. Bai taɓa zuwa Indiya ba kafin nan, kuma makonni biyar kacal ya samu. Layin da ya ja ya bar wasu ƙofofin madatsun ruwa a Indiya, gonakin da suke shayarwa a Pakistan. Ranar 1 ga Afrilun 1948 Indiya ta rufe ƙofofin nan, manoman Punjab da ke ɓangaren Pakistan suka wayi gari magudana a bushe. Sai a 1960 aka sa hannu kan yarjejeniyar Kogin Indus. Shi kuwa Radcliffe yana gama aikin ya koma gida, bai ƙara taka ƙasar ba har ya mutu.