Ƙanena ɗalibi, kafin ka ce jari ne matsalarka

Kusan duk ɗalibin da ya same ni da maganar kasuwanci, abu ɗaya yake fara faɗa: "Yaya, wallahi jari ne babu." Ni ma haka na riƙa faɗa ina aji biyu a jami'a. Na dami mahaifiyarmu har ta kwashi adashinta ta ba ni. Na shiga Kantin Kwari na saro yadika da 'yan huluna, na kai ɗakin kwananmu na makaranta. Cikin sati uku kaya suka ƙare, ina ta murna. Da na zauna lissafi, abin da ke hannuna bai kai rabin uwar kuɗin ba. Sauran yana wurin abokai: wannan sai an turo masa daga gida, wancan sai ƙarshen wata, wasu kuwa ko sunansu ban rubuta ba, don ina jin nauyin fito da littafi a gaban aboki. Ɗan abin da ya shigo kuma da shi nake cin abinci ina sayen data, wai riba nake ci. Ranar da na faɗa wa Hajiyarmu, shiru ta yi, can ta ce, "Allah ya mayar da alheri." Har yau in na tuna, jikina sanyi yake yi.

To ka ga an ba ni jari. Abin da ba ni da shi a lokacin shi ne sanin kasuwa, da babban da zai kama hannuna.

Ka tuna Abdurrahman bin Auf, Allah ya ƙara masa yarda. Ya iso Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya zo da iya ciniki tun daga Makka, kuma mutane sun yarda da shi. Da waɗannan biyun ya tashi har ya shiga sahun manyan attajiran sahabbai.

Kasuwanninmu ma a kan yarda suke tafiya. Je ka Kwari, ko Singa, ko Dawanau, ka tambayi masu shaguna yadda suka fara. Da yawansu yaran shago ne a da. Sun yi shara, sun ɗauko kaya daga sito, an aike su banki sun dawo da lissafi cif. Wata rana ubangida ya ba su kaya ba ko sisi, ya ce a sayar a kawo uwa a riƙe abin da ya hau. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro zuwa Gwanja ya fara, kuma da cinikin gyaɗa ya buɗe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ƙarfinsa shi ne yaransa da ke warwatse a ƙauyuka suna saye da kuɗinsa. Babu wanda zai miƙa wa yaro kuɗi ya tafi ƙauye da su sai wanda ya gwada shi ya ga amanarsa.

A nan ne nake ganin kuna kuskure, kuma abin yana damuna. An koya muku cewa sanin mutane shi ne zuwa taro a otal, ɗaukar hoto da babban mutum, karɓar lambarsa. Washegari ka tura masa saƙo, kafin ya amsa sallama ka riga ka jero buƙata. Mutumin nan irinka nawa ne suka tura masa a ranar? Da Bahaushe ya ce sabo da maza jari, sabo ya ce, kuma sabo ba ya yiwuwa a yini ɗaya. Mutumin da kake so ya san ka, ka je ka gaishe shi ba don komai ba. In an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya da ƙafarka. In ya sa ka aiki, ko da ɗauko saƙo ne daga tasha, ka yi shi kamar jarrabawa. Idan za ka tambaye shi, ka tambayi abin da ya nuna ka yi tunani: "Alhaji, me ya sa wannan shaddar take fita da azumi, waccan kuma take kwantai?" Dattijon kasuwa yana son irin wannan tambayar, zai zaunar da kai ya yi maka bayanin da ba za ka samu a aji ba.

Kada kuma ka raina 'yan ajinku kana hangen manya. Wanda kuke cin garau-garau tare yau, gobe shi ne ma'aikacin banki, ko jami'in kwastan, ko mai sayen kaya na wani kamfani. Abin da zai tuna da kai shi ne ko ka mayar masa da dubu biyun da ka ara, ko ka yi naka ɓangaren a aikin rukuni. Ke ma ƙanwata mai tallan turaren wuta da atamfa a WhatsApp, idan kika sa hoton wani abu kika aika wani daban, kin yi asarar wadda ta saya da duk ƙawayenta.

Batun rubutu kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka babu kunya a fito da littafi. Ka rubuta abin da ka saro, da kuɗin mota, da abin da ka sayar, da wanda ya ci bashi da ranar biya. Kuɗin sana'a daban, na aljihu daban. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da amfani, amma ta biyo baya, sai ka ga abin ya kama ƙasa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a ninka maka ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka tuna yadda MMM, harkar ninka kuɗin nan ta intanet, ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016. Karatunka kuma kada ka sake shi don ka fara jin ɗumin kuɗi, ka nemi sana'ar da za ta zauna da shi. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma na ga waɗanda suka yi shi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suna koyon gyaran waya, na ga waɗanda suka yi shi a kan katifa.

Ni bayan waccan karyewar, wani dogon hutu na je wurin wani aminin mahaifinmu mai shagon yadi, na ce ina so in riƙa zama. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ina riga shi zuwa, in share ƙofar shago, in kakkaɓe kaya, in tsaya ina kallon yadda yake cewa "albarka" yana murmushi har mai saye ya ƙara da kansa. Wata rana da yamma na tarar an bar kuɗi fiye da ƙima a cikin canjin da aka aike ni da shi, na mayar. Bai ko ɗago kai ba. Da hutu ya ƙare, ya ware mini yadika ya ce, "Tafi da su makaranta, ka kawo mini uwa. Kuma kada ka ba kowa bashi sai ka rubuta." Daga ribar kayan nan na fara mayar wa Hajiyarmu kuɗin adashinta, kaɗan-kaɗan, sai da na shekara kafin na gama.