Daga Garwa har Kiribi, leda ta riga ni isa

Mota daga Garwa zuwa Ngaundare, kwana cikin jirgin ƙasa har Yawunde, sannan wata motar zuwa Kiribi. Duk wannan wahalar don yarana su ga teku da idonsu. Muka isa bakin ruwa kusa da gangaren Lobe, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku, abin sha'awa wallahi. Sai ga wani bawan Allah da iyalinsa sun gama cin gasasshen kifi, ya tattara ledojin ya watsa wa igiyar ruwa.

Na ce, "Haba Alhaji, ga kwandon shara can!" Ya ce wai ruwa zai tafi da su. Ya kai su ina? Kudu da nan kaɗan ƙauyen Eboje yake, inda kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai cikin rairayi. Ledar da ke yawo a ruwa suke ɗauka abinci ce, su haɗiye, ta toshe musu hanji.

Tun 2014 aka hana irin wannan ledar a Kamaru fa. Amma 'yar autata da ta tsuguna neman ƙwanso, ledar ruwan sha ta fara tonowa.